Rasuwar Farfesa, Allon Motar Lyuben Chakarov

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, gidan Chakarov da ke layin tsohuwar rijiya a Pavlikeni yana sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da abokan arziki, da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana ba su furta ba, rasuwar abin ƙaunarsu, allon motar lantarkin Lyuben Chakarov mai shagon tagogi, wanda mai shi yake kira Farfesa. Ya rasu ranar Litinin da tsakar rana a kan hanyar dawowa daga birnin Sofiya, yana da shekara huɗu ba kwana tara, bayan jinyar wata uku. Allah ya gafarta masa.

Marigayin ba shi da girman jiki, bai fi farantin gasa burodi ba, amma duk abin da ke cikin motar nan a hannunsa yake. Shi ke ɗumama kujera, shi ke share gumin gilashi, shi ke nuna gudu, shi ke nuna abin da ke baya in za a yi ribas. Hatta ɗan akwatin gaba da ake ajiye takardu ba ya buɗuwa sai da izininsa. Motar ba ta da abin murɗawa irin na motocin iyayenmu. Komai sai an shafi fuskar Farfesa an roƙe shi. Namiji ne, amma da muryar mace yake magana, murya mai sanyi wadda ba a taɓa jin ta ɗaga ba. “Bayan mita ɗari biyu, a juya dama.” In an ƙi juyawa ba ya fushi, ba ya gori, sai ya ce, “Ana sake duba hanya.” Lyuben ya faɗa a gidan shan kofi cewa duk rayuwarsa bai taɓa zama da wanda ya san hanya kuma ya iya yin shiru ba sai shi. Matarsa Desislava tana zaune a gefensa ya faɗa. Sau biyu.

Asalin marigayin sananne ne, ba abin ɓoyo ba. Da gonar inabin tsoho Marin aka same shi. Tsoho Marin, mahaifin Lyuben, ya shekara arba'in da ɗaya yana yi wa kurangar nan aski da almakashi guda. Ya rasu da kaka. Kafin a yi masa arba'in an sayar da gonar, kafin watan Janairu ya ƙare mota ta iso, fara sol, ba ƙara ba hayaƙi, ta shigo layin kamar mai satar hanya. Da tsohon ya cika shekara da rasuwa, Baba Nevena, uwar Lyuben, ta roƙi ɗanta ya buga wa mahaifinsa takardar tunawa, mai hoto da baƙin layi a gefe, a manna a bishiyar ƙofar gida kamar yadda ake yi wa kowa, har da mashaya da masu bakin tsiya.

“Mama, manna matattu a jikin bishiya ƙauyanci ne,” in ji Lyuben. “Wanda ya san shi ya san shi.”

Kowace kaka sai ta sake roƙo, kowace kaka bishiyar tana nan tsirara.

Ba a yi wa marigayin irin wannan rowar ba. Yana da tsummansa na musamman, mai laushi kamar kunnen ɗan mage, wanda ba a wanke shi tare da kayan kowa. Ba a taɓa shi da hannun da ya ci abinci. Baba Nevena kuwa ko sau ɗaya ba ta zauna a gabansa ba, domin kujerun farare ne, ita kuma rigarta ƙamshin kabejin tsami take yi, takalmanta na lambu ne. Iyakacinta ƙofar gida. Duk ranar da Lyuben zai yi doguwar tafiya sai ta fito da kofin ruwa ta watsa a gaban tayoyi don hanya ta yi santsi, shi kuma ya leƙo ta taga yana ihu, “Mama, ruwa da lantarki! Sau nawa zan faɗa?” Ita dai ta yi alamar gicciye ta koma ciki. Yanar ido ta daɗe da rufe mata na hagu, ta fara cin na dama, shekara guda ke nan tana cewa a kai ta Sofiya a duba. Lyuben ya ce za a je.

Maƙwabcinsu Bai Tanas, mai tsohuwar motar dizal da ta shekara talatin da ɗaya tana tari, shi ma ya sha nasa rabon.

“Bai Tanas, kashe wannan murhun, kana shaƙe mana gari!”

“Murhuna dai da guduma ake gyara shi, yaro. Naka in ya yi atishawa sai an rubuta wa Sofiya wasiƙa.”

Ciwon ajali ya fara ne a watan Nuwamba, da wani ɗan rawayan layi a gefen fuska, kamar mai shawara. Daga nan sai mantuwa. A shafe shi ya yi shiru, a sake shafawa ya yi shiru, can sai ya farka ya aikata duk abin da aka ce masa gaba ɗaya: rediyo ya ɓarke, waifa ta hau rawa, kujera ta ɗau zafi. Wata safiya a gaban shagon burodi ya ce, “A ci gaba kai tsaye kilomita dubu ɗaya da ɗari huɗu,” ya suma. Lyuben ya koyi danne maɓallan sitiyari biyu da manyan yatsunsa yana ƙirga ashirin, kamar mai danna ƙirjin wanda ya nitse, har fuskar ta dawo. Da farko sau ɗaya a mako. Zuwa Kirsimeti sau uku kafin a kai shago.

Ya shiga zauren masu irin motar a intanet, ya tarar ashe annoba ce. Wannan nasa ya yi baƙi a kan babbar hanya, wancan nata ya ƙi share gilashi ranar ƙanƙara, wani ya wata biyu yana jiran sabo. Amma duk bakinsu ɗaya a kan abu guda: muddin garanti bai ƙare ba, kamfani zai cire tsohon ya sa sabo, ba gardama, sai fa in an ga alamar duka ko alamar ruwa. In ya ƙare kuwa, to, mutum ya nemi wata gonar inabin ya sayar. Lyuben ba shi da wata.

Garantin shekara huɗu ne, ko kilomita dubu tamanin, duk wanda ya riga zuwa. Wurin gyara na Sofiya ya ba shi ranar Litinin, saura kwana tara shekara huɗun su cika. Ya duba maleji: kilomita ɗari biyu da sittin suka rage masa, Sofiya kuwa ɗari biyu da talatin ce. Nan take ya shigar da motar tsakar gida, ya lulluɓe ta, ya ce ko gidan wani ke cin wuta ba za ta motsa ba sai ranar. Mako uku yana zuwa shago a ƙasa cikin ƙanƙara, hancinsa ja, Bai Tanas yana wuce shi a hankali yana danna masa oda. Ya daina cin abinci sosai. Ya rame. In an yi masa magana sai ya dubi mutum kamar ta cikin gilashi.

Ita kuwa uwa ba sai da ido take ganin ramar ɗanta ba. Ranar shida ga Janairu, ranar da ake tsarkake ruwa a coci, Baba Nevena ta tafi da kwalbarta kamar kowace shekara, ta ciko ta. Da ruwan nan ta yi wa Lyuben maganin ƙyanda yana ɗan shekara biyar, da shi ta tayar da akuyar da kowa ya ce a yanka. Ta san inda yake ajiye katin buɗe motar, a aljihun tsohuwar rigar sanyinsa, ta kuma sha jin ƙarar da ƙofar ke yi in ya manna shi. In ya fita shago sai ta cire takalmanta a waje, ta shimfiɗa tawul a kan farar kujerar don kada ta ɓata masa, ta shiga da kwalbar da damin ɗaɗɗoyar da take shukawa a taga, don yayyafi.

Ikon Allah, ranar Litinin da safe Farfesa ya tashi garau. Fuska tas, murya tas. “A juya hagu.” Lyuben har ya ji tsoro kada ya je Sofiya a ce lafiyarsa ƙalau, amma yana da hotunan suman har guda sittin a waya. Desislava ce ta tsaya a ƙofa ta ce tunda hanya ɗaya ce, kuma ta samo wa tsohuwa layin likitan ido ƙarfe ɗaya na ranar, ko ya tafi da ita ko ya nemi mai dafa masa abinci. Haka Baba Nevena ta shiga motar ɗanta a karo na farko da saninsa, sanye da baƙar rigarta ta zuwa coci, rungume da jaka mai nauyi. A ciki akwai takardun asibiti, da 'yar jakar kuɗinta, da manyan kwalabe uku na miyar gasasshen tattasai da za ta kai wa likita, don ba a zuwa wurin likita hannu sake. Duk hanya tana murmushi. Kujera ta ɗumama mata baya, ta ce, “Ashe haka kake ji, Lyubcho.”

A wurin gyara aka zaunar da ita da kofi a ɗakin jira, ta bar jakar a kan kujerar mota. Injiniyan, wani mai furfura a gemu da ake kira Boyan, ya dubi hotunan, ya dubi maleji, ya yi dariya.

“Saura kilomita talatin! Yallaɓai, ka iya lissafi. Wannan ciwon namu ne, na san shi kamar tafin hannuna. Ruwa bai taɓa shi ba dai?”

“Ko hucin shayi,” in ji Lyuben.

Boyan ya ɗauki biro. Jama'a, ya ɗauki biro, ya cire murfin. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan busasshen ganye da ya maƙale a tsagar iska ƙarƙashin allon. Ya zaro shi, ya shigo da shi ɗakin jira yana juya shi a yatsa, don hira kawai.

“Wannan fa, yallaɓai? Lambu kake yi a ciki?”

“Iska ce ta shigo da shi.”

“Kawo in sansana, ɗana,” in ji Baba Nevena. Ta kai hanci, fuskarta ta washe. “Ɗaɗɗoyar tagata ce.”

“Mama, sha kofinki.”

“Bari in gaya wa yaron, Lyubcho, ai sai likita ya san maganin da aka riga aka sha. Gaskiya ya faɗa maka, ɗana, ruwa bai taɓa shi ba. Na albarka ne, daga hannun fadan coci na karɓo.”

Boyan ya mayar da murfin biro. “Sau nawa, Baba?”

“Sau uku kowace safiya, kwana tara. Ranar ƙarshe na ga yayyafi ba zai kai inda ciwon yake ba, sai na ɗan tsiyaya masa ta wannan tsagar. Kaɗan fa, cokali biyu. Ba ka ga yadda ya kawo mu lafiya ba?”

Lyuben ya ja injiniyan gefe, amma ɗakin ƙarami ne, kunnen tsohuwa kuma ba shi da yana. “Kada ka kula ta. Ta tsufa, ta rikice, ko sunanta ba kullum take tunawa ba.”

“Na rikice, Lyubcho?” in ji ta, a hankali.

Bai juyo ba. Boyan ya je ya kwance murfin baya. Akwai wata 'yar farar takarda da kamfani ke mannawa a ciki, wadda ke yin ja in ta ji danshi. Ta yi ja kamar jan tattasai.

“Yallaɓai, da ba ta yi magana ba, da ban buɗe ba. Ba ruwan ne ya kama shi ba, tun daga masana'anta ya zo da ciwonsa. Amma na ji, na gani, kyamarar can ma ta gani. Ba zan iya sa hannu ba.”

Abin da ya biyo baya, iyalin mamacin suna roƙon a ɗauke shi a matsayin zafin rashi. Lyuben ya fita, ya shiga mota, ya ja. Baba Nevena tana zaune da kofinta ya huce, tana jiran ya juyo da motar ya ɗauke ta zuwa wurin likita.

Kalaman ƙarshe na marigayin an kiyaye su, ba a rage ko ɗaya ba. Jakar nan mai kwalabe uku tana kan kujerar gaba, nauyinta ya kai na mutum a ganin Farfesa. Tun daga fitowa gari ya fara: “Fasinja, a ɗaura bel.” Ƙararrawa, ƙil, ƙil, ƙil. “Fasinja, a ɗaura bel.” Lyuben ya ce masa ya yi shiru. Bai yi ba. Ya danne maɓallan sitiyari, ya suma, ya farfaɗo, ya ɗora daga inda ya tsaya, da muryar nan mai sanyi wadda ba ta taɓa ɗagawa ba. Duk cikin motar shi kaɗai ya tuna akwai wadda ya kamata a ce tana zaune a wurin. A kan hawan dutse maleji ya cika dubu tamanin cif. “Fasinja,” in ji Farfesa, sai Lyuben ya dunƙule hannu ya kai masa ɗaya a tsakiyar fuska. Gilashi ya tsage kamar saƙar gizo. Haske ya taru ya zama ɗigo, ɗigon ya tafi.

Kilomita ɗari biyun da suka rage ya yi su ba ɗumi, ba sanin gudu, taga a buɗe don kada numfashinsa ya rufe gilashi, gemunsa ya yi ƙanƙara. Ita kuwa Baba Nevena lambar waya ɗaya ta haddace ban da ta ɗanta, ta Bai Tanas. Boyan ya buga mata. Bai Tanas ya taso da murhunsa, ya iso Sofiya bayan likita ya daɗe da tashi, ya dawo da ita gida cikin hayaƙi da ɗumi. An sake ba ta rana sai kaka mai zuwa. Na daman ma yanzu inuwa kawai yake gani. Ta ce ba komai, yaro ne, ransa ne ya ɓaci, kuma ita dai ta san ruwan ya yi aiki, tunda ya kai su.

Marigayin ya rasu ya bar maɓallan sitiyari biyu, waɗanda suka yi jinyarsa har ƙarshe, yanzu ba su da wanda za su tasa. Ya bar igiyar caji, da tayoyi huɗu masu sauran ƙarfi, da tsummansa mai laushi, da akwatin gaba wanda ya rufe bakinsa da takardar garanti a ciki, ba mai iya buɗe shi. Ya bar 'yan uwa dubu huɗu a zauren intanet, waɗanda suka aiko da ta'aziyya, wasunsu suna tambayar ko ruwan wane coci ne don su kiyaye. Ya bar Desislava, wadda baƙin ciki ya sa take waƙa in tana wanke-wanke. Ya bar Lyuben, mai shekara arba'in da bakwai, wanda ke fita shago da rigunan sanyi biyu, yana leƙa baya ta taga in zai yi ribas kamar yadda mahaifinsa ke yi da amalanke.

Game da takardar da masu wucewa suka gani a bishiyar ƙofar gida tun ranar Laraba, mai baƙin layi a gefe da hoton marigayi Farfesa a tsakiya, Bai Tanas ne ya buga ta, da kuɗin aljihunsa, don shaƙiyanci. Lyuben ya fito a fusace zai yage ta, sai ya tarar da uwarsa tsaye a gabanta. Ba ta iya karanta komai a jiki, baƙin layin kawai ta gane, da duhun hoto a tsakiya. Tana shafa hoton da yatsa, tana cewa bai canza ba.

“Lyubcho, kai ne? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na san za ka tuna da babanka.”

Lyuben ya dubi takardar, ya dubi Bai Tanas da ke leƙe ta kan shinge, dariya ta mutu masa a fuska.

“Ba komai, Mama,” in ji shi. “Ai wajibi ne.”

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a tsakar gidan Chakarov, inda mai gyaran talabijin na bakin kasuwa zai ciro gawar, a naɗe ta a tsummanta, a sa a kwalin takalmi. Masu kawo furanni su kawo biyu ko huɗu ko shida, kamar yadda ake kai wa matattu. Ba a buƙatar ɗaɗɗoya. Wanda ba shi da abin hawa, Bai Tanas zai ɗauko shi. Lyuben zai karɓi gaisuwa a cikin mota, masu zuwa su sa kaya masu kauri.

Bayan haka za a raba dafaffiyar alkama da sukari a bakin bishiya. Baba Nevena ce ta dafa, kwana biyu tana tsince tsakuwa da yatsa, ta kuma sayi kyandir arba'in, ta goge almakashin tsoho Marin ta ajiye a gindin takardar. Ana roƙon duk wanda ta miƙa wa cokali ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Allah ya gafarta masa.” Kada a ambaci suna.